Bene Uku Bai Dawo Ba

Manajan Talla ba ya hawowa ɗakin labarai haka siddan. Ofishinsa yana ƙasa, inda akwai labule da kujerar baƙi da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki. Saboda haka ranar Talatar da Jan Biro ta ɗaga kai ta gan shi tsaye a gaban teburinta yana haki, da takarda mai sheƙi a hannu, ta san ruwa ba ya tsami banza.

Jan Biro ake ce mata a gidan jaridar, don shekara goma sha ɗaya ke nan duk labarin da zai shiga shafin kasuwanci sai ya bi ta hannunta. Kowa ya koma gyara a kwamfuta tuntuni, amma ita har gobe sai ta buga shafi a takarda, ta shimfiɗa shi a tebur, ta bi shi layi-layi da jan biro. Masu kawo rahoto sukan ce labarinka ya shiga wurinta da teɓa, ya fito ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ba mafaɗaciya ba ce. Tambaya ce da ita, kuma in ba ka da amsa jimlarka ta tafi ke nan.

"Malama, alheri na kawo mana," in ji Manajan Talla, ya ajiye takardar a kan aikin da take yi. "Bene Uku ya dawo."

Ta janye aikinta daga ƙarƙashin takardar tukuna, sannan ta karanta. Da manyan baƙaƙe aka rubuta: BENE UKU YA DAWO! Kantin iyaye da kakanni ya farfaɗo, yanzu yana tafin hannunku. Ga tsohon tambarin nan a sama, koren nan da ta sani tun ba ta iya karatu ba.

Babu wanda ya tashi a garin bai san Bene Uku ba. Hawa na ƙasa sabulai da kwanuka da kayan gwangwani, na tsakiya yadi da takalma, na sama firji da rediyo da kekunan ɗinki. Yana da matakala mai tafiya da kanta, wadda yara kan yi ta hawa suna sauka har mai gadi ya kore su. Shekara hamsin da wani abu yana ci, sannan shekara huɗu da suka wuce ya karye. Kotu ta rufe shi, aka yi gwanjon komai, har kantocin jera kaya da fankokin rufi. Mahaifinta ya yi shekara ashirin da tara a hawa na sama yana sayar da kekunan ɗinki. Ranar ƙarshe ya dawo gida da mabuɗin lokar ajiyar kayansa a aljihu, don bai sami wanda zai miƙa wa ba, haƙƙinsa na sallama kuwa har yau shiru.

"Sun ɗauki shafin baya na wata uku, mai launi," in ji Manajan Talla. "Abin da suke roƙo bai taka kara ya karya ba. Ɗan labari a shafinki gobe, da wannan kanun. Ki ɗan shafa masa mai kawai."

"Wa ya ce ya dawo?"

"Ga shi a rubuce!"

"Su suka rubuta ai."

"Malama, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

"Kai ka ci ladan. Ka sauka ka nemo aska."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce Edita ya riga ya san da maganar, ya juya ya sauka yana dafa bango.

Ta buɗe shafin kamfanin a intanet. Ya yi kyau, ba ƙarya: hotunan tukwane da takalma da firji, kowanne da farashinsa, ga wurin da za ka danna a kawo maka har gida. Ta yi ta gangarawa ƙasa, ta wuce inda mai saye yakan tsaya, har ta kai can gindin shafin, inda aka yi rubutu ƙanana kamar ƙafar kiyashi. Sai da ta sa tabarau ta matso da fuska. An ce wannan kamfani suna da tambarin Bene Uku kawai ya saya, kuma ba shi da alhakin duk wata hulɗa da aka yi da tsohon kamfanin, ta ma'aikata ce ko ta masu sayayya.

Ta ƙara wa rubutun girma ta buga shi a takarda. Sannan ta kira ofishin lauyan da kotu ta ɗora wa raba kadarorin tsohon kantin. Sakatariyarsa ta tabbatar mata: an sayar da sunan a gwanjo bara, masu saye daban, tsofaffin masu kanti daban, ba abin da ya haɗa su. Ta ƙara da cewa har yanzu ana karɓar takardun tsofaffin ma'aikata duk ranar Alhamis, sai dai mutane ba sa zuwa, don yawancinsu ba su san da ofishin ba. Jan Biro ta rubuta adireshin a gefen takarda.

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Yayarta ce, muryarta a sama.

"Ke, Baba ya fita tun safe. Ya sa shuɗiyar rigar nan ta aiki, har da bajon. Na ce ina zuwa, ya ce a rediyo ya ji an ce sun dawo."

Ba ta tsaya rufe kwamfuta ba. Ta ɗauki jaka ta tari tasi.

Ginin yana nan inda yake, amma an yanyanka hawa na ƙasa zuwa ƙananan shaguna na masu sayar da waya da caja, kowanne da lasifikarsa tana ihu. A sama an rataya ƙyalle mai hoton wani ƙato yana ɗaga ƙarfe. Inda sunan kantin yake a da, fentin wurin ya fi na sauran bangon haske, har ana iya karanta inuwar haruffan. A bakin titi, cikin rana, kusa da rumfar wani mai gyaran takalmi, ta hango su: tsofaffi shida a tsaye. Ta gane tsohon mai gadin ƙofa, ta gane matar da ke sashen takalma, wadda ta taɓa auna mata ƙafa tana 'yar firamare. Wata da ba ta sani ba tana riƙe da takardar garantin firji a cikin leda. Mahaifinta yana tsakiyarsu, rigar ta yi masa yawa yanzu, ya goge ta har karin hannun yana iya yanka.

"Uwata," ya ce da ya gan ta. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Gara da kika zo. Ke da kike aikin jarida, faɗa mana. Wancan mai wayoyin ya ce wai kantin yana cikin waya. Bene uku a cikin waya? Ta ina ake shiga?"

Babu wanda ya yi dariya. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta rusuna wa matar takalma, sannan ta yi musu bayani a hankali, yadda take so a ce rediyon ya yi: wasu ne suka sayi sunan, suna sayar da kaya ta intanet daga wani sito a bayan gari, ba kanti, ba kanta, ba hawa ko ɗaya. Tsohon mai gadi ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. Mai takardar garanti ta ninke ledarta ta tura a jaka, ta ce motoci biyu ta hau kafin ta iso.

Ta sa mahaifinta a tasi, suka kama hanyar gida. Ya ɓalle bajon ya riƙe a hannu. Can ya juyo.

"Za ki rubuta?"

"Zan rubuta, Baba."

"To ki rubuta ɓarayi. Da manyan baƙaƙe, yadda mai ciwon ido zai gani. Ɓarayi sun saci sunanmu suna yaudarar mutane."

"Ba sata suka yi ba, Baba. Saya suka yi, a gaban kotu."

"'Yan damfara, to."

"Ban ga wanda suka damfara ba tukuna. Wanda ya biya, suna kai masa kayansa, na bincika. Waɗanda suka riƙe maka haƙƙinka daban ne, waɗannan ba su taɓa ganinka ba."

"Ni da na tsaya a rana kamar mai bara, da rigar aiki, yara suna nuna ni?"

"Wannan laifin tallarsu ne, kuma zan faɗi abin da tallar ta ɓoye. Amma ba zan kira mutum ɓarawo ba alhali ban kama hannunsa a aljihun kowa ba."

Direban ya saci kallonsu ta madubi. Mahaifinta ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da ta fi zagi ciwo.

"Na gane. Na biya kuɗin makaranta don a koya miki yadda ake lallashin waɗanda suka tozarta ubanki."

Maganar ta soke ta har ƙashi, amma ta haɗiye. Ta raka shi har gida, yayarta ta karɓe shi a ƙofa tana faɗa tana share hawaye, ita kuwa ta koma tasin da ke jiranta.

Ƙarfe uku saura ta zauna a teburinta. Ƙarfe biyar ake tura shafi maɗaba'a. Abin da ta fara bugawa da zafin zuciya shi ne: An tono gawar Bene Uku ana talla da ita. Ta zauna tana kallon jimlar, ta yi mata daɗi ƙwarai, kamar susa a inda ke ƙaiƙayi. Sannan ta goge ta. Wannan fushinta ne, kuma mai karatu bai sayi jarida don ya ji fushinta ba.

Ta jawo farar takarda ta shiga gwada kalmomi. Ya dawo: wanda ya tafi shi ke dawowa, da ƙafafunsa da fuskarsa da abin da ake binsa. Ta soke. Ya farfaɗo: wanda ya suma ke farfaɗowa, wannan kuwa kotu ta riga ta sallame shi. Ta soke. Ya sake buɗewa: buɗe me, ina ƙofar? Ta gwada ɗaya gefen. Ya rushe: ginin yana tsaye, da idonta ta gan shi ɗazu. Ya ci amanar jama'a: wa ya yanke wannan hukuncin? Ya durƙushe: wanda ya durƙusa yana iya miƙewa, kalmar tana ba da fatan da babu shi. Ya karye ta tsaya a kai, don ita ce kalmar 'yan kasuwa, ita ce kuma abin da takardar kotu take nufi.

Ta kira lambar da ke jikin sanarwar, ta yi tambayoyi uku, aka ba ta amsar biyu. Zuwa huɗu saura kwata ta gama. Kanun ya ce: Sabon kamfani ya sayi sunan Bene Uku, yana sayar da kaya ta intanet. Sakin layi biyar ne kacal a ƙasa. Na farko ya faɗi wanda ya saya da abin da ya saya. Na biyu ya ce tsohon kantin ya karye shekara huɗu da suka wuce, kotu ta rufe shi. Na uku ya kawo ƙaramin rubutun nan na gindin shafinsu, kalma da kalma. Na huɗu ya ce kamfanin ya ɗauki ma'aikata arba'in a sitonsa, tara daga cikinsu tsofaffin ma'aikatan Bene Uku ne. Na biyar adireshin lauyan kotu ne da ranar da ake zuwa.

Rabin awa da tura shi, aka ce Edita yana kira.

Edita dattijo ne mai saura shekara biyu ya yi ritaya, kullum da alewar tari a kunci, kuma babu abin da ya ƙi jini kamar hayaniya bayan la'asar. Manajan Talla yana zaune a hannun kujera. A kujerar baƙi kuwa ga wata mata 'yar gayu, da jaka mai tsada a cinya, wadda aka gabatar da ita a matsayin wakiliyar kamfanin. Manajan Talla ne ya tura mata labarin tun kafin tawada ta bushe, abin da dokar gidan ta hana, amma ba wanda ya ɗaga maganar.

Wakiliyar ba ta zo da faɗa ba. Ta yaba rubutun, ta ce ta ji daɗin ganin an ambaci ma'aikata taran nan, ba ta zaci za a sa ba.

"Gaskiya ce, shi ya sa na sa," in ji Jan Biro.

"Abu biyu ne kawai, 'yar'uwa. Kalmar karye ta yi nauyi, mutane za su ɗauka mu ne muka karye. Me zai hana a ce kantin ya ɗan dakata? Sai kuma kanun. In ba kya son ya dawo, mu haɗu a tsakiya, a ce ya farfaɗo."

"Hajiya, shekara huɗu da gwanjon fankoki ba dakatawa ba ce. Kuma na rubuta ƙarara cewa tsohon ne ya karye, ba ku ba. Na raba ku da shi, wanda shi ne abin da lauyoyinku suke so." Ta zaro takardar da ta buga da safe ta ajiye a teburin Edita, ta juya ta yadda kowa zai iya karantawa. "Wannan naku ne ko ba naku ba?"

Wakiliyar ta leƙa. "Wannan ai maganar shari'a ce. Kowane kamfani yana da irinta."

"To ni tambayata ɗaya. Ku ne Bene Uku ko ba ku ba ne? In ku ne, wallahi yanzu zan rubuta ya dawo, da girman da kuke so. Sai in ƙara layi ɗaya a ƙasa: tsofaffin ma'aikata da masu takardar garanti su nufi sitonku gobe da safe. Na ga shida yau a tsaye a rana, zan iya kawo miki su da kaina. In kuma ba ku ba ne, to kama da wane ba ta wane. Ku zaɓi ɗaya, ni kowanne kuka zaɓa zan rubuta."

Edita ya tauna alewarsa, ta yi ƙara a haƙorinsa.

"Talla daban, labari daban," in ji wakiliyar, muryarta ta ɗan sauka. "Kowa ya san yadda ake talla."

"Mahaifina bai sani ba. Ya goge rigarsa ya tafi aiki."

"Ahaf!" Manajan Talla ya miƙe tsaye. "Yallaɓai, ka ji ko? Ashe abin na gida ne. Fushin ubanta take hucewa a kan abincinmu."

Ta juya ta dube shi sosai. "Ubana ya ce in rubuta ɓarayi. Na ƙi, yanzu haka ba ya yi mini magana. Da fushinsa nake hucewa, da ka ga abin da ya fi wannan. Karanta ka nuna mini inda na zage su."

Edita ya ɗaga hannu. Ya jawo shafin gabansa, ya karanta shi tun daga sama har ƙasa yana motsa leɓe, sannan ya yi ajiyar zuciya.

"Malama, a sassauta. Me zai hana mu ce Bene Uku ya dawo, mu sa alamar tambaya a ƙarshe? Kin ga ba mu ce ya dawo ba, tambaya muka yi."

"Ranka ya daɗe, mun san amsar. Wanda ya san amsa ya tsaya yana tambaya, ƙarya yake yi da ladabi. Kuma rabin masu ganin jaridarmu a kan tebur suke ganinta a bakin titi, kanun kawai suke karantawa su wuce."

"Kin san masu gidan nan. Wata uku na shafin baya ba wasa ba ne."

"Na sani. Shafin yana cikin kwamfutarka, kai ne Edita, kana iya canza shi da hannunka, ba zan riƙe maka hannu ba. Amma ni ba zan taɓa shi ba, kuma a cire sunana daga ƙasan shafin. Gobe in tsofaffin nan suka zo da jarida a hannu suna tambayar ina ya dawo ɗin, ƙofarka zan nuna musu."

Ta fita ta ja ƙofar a hankali. Ta koma teburinta ta zauna. Tana da 'ya'ya biyu a makaranta, ga mijinta da aikinsa ke tafiyar hawainiya tun bara. Ta san duk wannan sarai tun kafin ta buɗe baki. Ta ga wakiliyar ta fito ta wuce, ƙwas-ƙwas, Manajan Talla yana biye da ita yana magana da hannu biyu. Biyar saura minti bakwai shafin ya wuce maɗaba'a. Ta buɗe ta duba. Ko waƙafi Edita bai taɓa ba.

Washegari kamfanin ya janye tallarsa. Manajan Talla ya daina amsa gaisuwarta, in sun haɗu a matakala sai ya shiga duba wayarsa. A ɗakin labarai wasu suka riƙa zuwa suna yi mata jinjina a ɓoye, wasu kuma suna cewa in albashi ya makara a san wanda za a tambaya.

A gidansu kuwa mahaifinta ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwarta da ka. Ta kai masa jaridar, ya ajiye ta a kan rediyo bai buɗe ba. Rana ta uku da yamma ta tarar da shi a tsakar gida da tsohon mai gadi da matar takalma, ana shan shayi, jaridar tana shimfiɗe a tabarma, an zagaye sakin layi na ƙarshe da fensir.

"Uwata, zo ki karanta mana wannan adireshin, idona ba ya kama ƙananan," ya ce, bai dube ta ba.

Ta durƙusa ta karanta, sau biyu, ta kwatanta musu motar da za su hau da inda za su sauka.

"Shekara huɗu," in ji matar takalma, "ba wanda ya taɓa ce mana ga ƙofar da za mu buga."

"Duk da haka ɓarayi ne," in ji mahaifinta.

"A tsakar gidanka kake, Baba. Faɗi abin da ka ga dama."

Tsohon mai gadi ya tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe shi. Mahaifinta bai yi dariya ba, amma ya tura wa 'yarsa kofinsa ta ƙara masa.

Alhamis ta gaba su goma sha bakwai suka je ofishin lauyan. Ba a ba su komai ba ranar, an dai karɓi takardunsu, an rubuta sunayensu, an ba kowa lamba, aka ce za a neme su. Ko za a neme su ɗin, Allah masani. Mahaifinta ya dawo yana ba da labarin yadda ya gyara wa sakatariya rubutun sunansa, kamar wanda ya ci yaƙi.

Ranar Litinin aka kira ta ofishin Edita karo na biyu. Wannan karon akwai wasiƙa daga masu gidan jaridar. Kamfanin ya ce zai iya dawo da tallar in aka buga gyara da ban haƙuri, kuma masu gida suna so ita ta rubuta, tunda ita ta ɓata.

Ta karanta wasiƙar ta ajiye. Ta zaro shafin ranar Laraba daga jakarta, ta shimfiɗa a gaban Edita da Manajan Talla.

"Gyara ana yin sa ne in an yi kuskure. Ga shi nan, sakin layi biyar. Ku sa yatsa a kan kalma ɗaya da ba daidai ba, ɗaya tak, ni kuma in ba da haƙuri a shafin farko, da hotona in kuna so."

Manajan Talla ya sunkuya ya bi layukan da yatsa, ya kai ƙasa, ya koma sama. Ya ce ba kalmomin ba ne, yanayin ne. Ta ce ba ta san yadda ake gyara yanayi ba, sai a tambayi masu hasashen ruwan sama. Edita ya rufe bakinsa da hannu kamar mai tari.

Ba a buga gyaran ba, tallar ma ba ta dawo ba. Amma masu gida sai sun ga an yi wani abu, don haka kafin sati ya ƙare takarda ta fito: an ɗauke ta daga shafin kasuwanci, an mayar da ita teburin sanarwa, inda ake karɓar cigiya da canjin suna da sanarwar rasuwa. Edita da kansa ya kawo mata takardar, ya ajiye ta a tebur yana kawar da kai.

"Kada ka damu, ranka ya daɗe," ta ce tana zuba kayanta a kwali. "Can aƙalla ba mai zuwa ya ce in rubuta mamaci ya dawo."

Teburin sanarwa yana ƙasa, daf da ƙofar shiga, bango ɗaya ya raba shi da ofishin Manajan Talla, har sanyin na'urarsa yana ɗan lallaɓowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ta goge ƙurar teburin, ta gyara wa kujerar ƙafarta da ninkakkiyar takarda, ta zauna. Ba a jima ba wata dattijuwa ta shigo tana dogara sanda, da hoton mijinta da ya rasu da wata 'yar takarda da aka rubuta da fensir, duk ta cukurkuɗe. Jan Biro ta miƙe ta ba ta kujera, ta yi mata gaisuwar rashi, ta karɓi takardar.

"Inna, shekarunsa nan saba'in da ɗaya ne ko saba'in da bakwai? Rubutun ya goge."

"Oho, 'yar nan, sa kowanne. Wa zai duba?"

"'Ya'yansa za su duba, su yanke su ajiye. Akwai wanda za mu kira ya tabbatar mana?"

Dattijuwar ta shiga kwance bakin mayafinta, inda ta ƙulle lambar babban ɗansu.